'Yan Sa Kai Masu Rubuta Zalunci: Labarin Ƙasar Gwatamala

Akwai wani irin aiki a duniyar nan wanda ba a biyan mai yinsa ko anini, ba shi da ƙarin girma, ba shi da fansho, kuma sau da yawa mai yinsa sai ya sayar da ransa kafin ya gama. Wannan aiki shi ne sa ido a kan hakkin ɗan Adam, watau mutum ya tashi don kansa ya riƙa bin sawun zaluncin da masu iko su ke yi wa talakawa, yana rubutawa daki-daki, sa'an nan ya auna irin haɗarin da ke tafe domin a yi shiri tun da wuri.

Muna so mu yi wa masu karatu bayanin wannan aiki, musamman malaman makaranta da akawuna, domin kayan aikinsa ba wasu ba ne illa waɗanda su ke riƙewa kullum, watau alƙalami da rajista da kwanan wata. Domin kada maganar ta zama ta iska, za mu ɗauki labarin ƙasa guda mu bi shi daga farko, mu ga abin da 'yan sa kai su ka yi, da abin da ya same su, da kuma abin da aikinsu ya haifar.

Ƙasar Da Yaƙinta

Gwatamala ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, tana kudu da Meksiko. Harshen mulkinta shi ne na Sifen, amma wani babban kaso na mutanenta 'yan asalin ƙasar ne da a ke kira Maya, masu harsuna fiye da 20, galibinsu manoma ne mazauna kan tsaunuka. A shekara ta 1954 aka hamɓarar da shugaban ƙasar, Jacobo Árbenz, da taimakon hukumar leƙen asirin Amurka, bayan ya fara raba wa talakawa gonakin da manyan masu ƙasa su ka bari ba nomawa. Daga shekara ta 1960 yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da 'yan tawaye, bai kuwa ƙare ba sai ran 29 ga Disamba 1996. Shekara 36 ke nan cur.

A cikin wannan yaƙi aka yawaita wata mummunar al'ada, watau ɓatar da mutum. Sai a tare ɗalibi ko malami ko shugaban ma'aikata a kan titi, a jefa shi cikin mota, shi ke nan. Iyalinsa su je barikin 'yan sanda a ce ba a san shi ba, su je asibiti babu shi, su je ɗakin ajiye gawa babu shi. Hikimar azzalumi a nan ita ce in babu gawa babu takarda, to, babu laifi. Duk wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa rubutu ya zama babban makami a hannun waɗanda aka zalunta.

Matan Da Su Ka Fara

Ran 18 ga Fabrairu 1984 'yan sanda su ka kama wani ɗalibi, ɗan ƙungiyar ma'aikata, mai suna Edgar Fernando García, a babban birnin ƙasar. Ba a sake ganinsa ba. Matarsa, Nineth Montenegro, ta shiga yawon nemansa, a cikin yawon ne kuwa ta riƙa gamuwa da waɗansu mata masu irin nata ciwon. A cikin wannan shekara su ka kafa Ƙungiyar Taimakon Juna, wadda a ke kira GAM a taƙaice. Aikinsu na fari shi ne tattara sunaye: wane ne ya ɓace, yaushe, a ina, wa ya gani, wace irin mota ce. Ba a daɗe ba matan ƙauye 'yan Maya su ka fara gangarowa daga tsaunuka da sunayen mazansu da 'ya'yansu.

Wurin taro ya yi musu wuya, domin kowa yana tsoron buɗe musu ƙofa. Waɗanda su ka ba su masauki su ne waɗansu baƙi 'yan sa kai na wata ƙungiya mai suna Peace Brigades International, wadda aka kafa a Kanada a 1981, ta kuma aika da mutanenta Gwatamala a 1983.

Ba a jima ba haɗarin ya bayyana. A ƙarshen watan Maris 1985 aka sace Héctor Gómez, ɗaya daga cikin shugabannin GAM, aka azabtar da shi, aka kashe shi. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawar Rosario Godoy, ita ma shugaba ce, cikin mota a wani kwazazzabo, tare da gawar ɗan'uwanta da ta ɗanta ɗan shekara 2. Hukuma ta ce haɗarin mota ne. Daga nan baƙin nan 'yan sa kai su ka ɗauki wata dabara: su ka riƙa raka sauran shugabannin dare da rana, duk inda su ka sa ƙafa, ba bindiga ba sanda, sai kyamara da littafin rubutu.

Yadda A Ke Auna Haɗari

Mai karatu zai ce, ina amfanin rakiyar wanda ba shi da ko wuƙa? Amsar tana cikin lissafi. Wanda ya ba da umurnin kisa ba mahaukaci ba ne, ya kan duba riba da hasara. Gwamnatin Gwatamala a lokacin tana neman taimakon kuɗi da makamai daga ƙasashen waje, tana kuma son a ce ta gyaru. In aka kashe matar ƙauye ita kaɗai, labari ya mutu nan. In kuwa akwai baƙo a gefenta, to, kafin gari ya waye labari ya kai ofishin jakadancin ƙasarsa, da 'yan majalisarsu, da jaridunsu. Watau baƙon ba garkuwa ba ne da zai tare harsashi. Shi dai shaida ne wanda ya ke sa kisan ya yi tsada.

Daga irin wannan aiki, a Gwatamala da waɗansu ƙasashe, aka tsara hanyar auna haɗari wadda masu kare hakkin ɗan Adam su ke koyo a yau. Abu 3 a ke ɗorawa a ma'auni.

Na farko barazana. Wa ke nufinka da sharri, me ya faɗa, me ya taɓa yi wa waninka, kuma yana da ikon cika abin da ya faɗa? Ba kowane mai kurari ne ke cizo ba, kuma ba kowane mai cizo ne ke kurari ba.

Na biyu rauni, watau kafofin da za a iya shigo maka ta cikinsu. Gidanka yana bayan gari ne? Hanya ɗaya ka ke bi kullum a lokaci ɗaya? Takardunka kwafi ɗaya ne a akwati ɗaya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku ƙarfi, watau abin da ka tanada: maƙwabta masu lura, lauya da zai fito ko da tsakar dare, wurin fakewa, da manyan mutane waɗanda za su tambaya in ka ɓace.

Haɗari ya kan ƙaru in barazana da rauni sun ƙaru, ya kan ragu in ƙarfi ya ƙaru. Sau da yawa mutum ba shi da ikon kawar da barazana, amma rauninsa da ƙarfinsa suna hannunsa.

To, ta yaya a ke sanin barazana ta matso? Ta hanyar rajista. A kan koya wa 'yan sa kai su rubuta kowane ƙaramin abu da ya saɓa wa al'ada: mota ta tsaya a ƙofar ofis awa 2 ba wanda ya fito, an buga waya an yi shiru, wani baƙo ya tambayi mai gadi lokacin da wance ta ke tashi aiki. Kowane ɗaya shi kaɗai ba kome ba ne. Amma mai niyyar kai hari tilas ya fara yin leƙen asiri, leƙen asiri kuwa ya kan bar sawu. In aka jera abubuwan nan bisa kwanan wata sai siffarsu ta fito. Kowane malami ya san haka daga littafin kiran suna: fashin yaro na rana ɗaya ba ya nuna kome, amma in aka ga duk ranar kasuwa ba ya zuwa, an san inda za a nemi dalili.

Kada kuma a ɗauka dabarar rakiya layar tsari ce. A watan Agusta 1989 aka jefa gurneti a gidan baƙin nan, a watan Disamba kuma aka daɓa wa 3 daga cikinsu wuƙa a kan titi, Allah ya yi da sauran kwanansu. Ma'auni ya kan canja, shi ya sa a ke sake awo kullum. Ita dai Nineth Montenegro ta rayu, har aka zaɓe ta 'yar majalisar ƙasa a 1995.

Gargaɗin Da Ba A Saurara Ba

Ban da auna haɗarin mutum guda, akwai auna haɗarin da ke fuskantar al'umma baki ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, kisan kiyashi kuma ba ya faɗowa daga sama rana ɗaya. A Gwatamala alamu sun bayyana a fili. Ran 29 ga Mayu 1978 soja su ka buɗe wuta a kan manoma masu ƙarar ƙwacen gona a garin Panzós, aka kashe mutane masu yawa, maza da mata. Ran 31 ga Janairu 1980 'yan sanda su ka afka wa ofishin jakadancin Sifen inda waɗansu manoma su ka shiga don kai kukansu, wuta ta tashi, mutum 37 su ka halaka. A farkon 1981 ƙungiyar Amnesty International ta buga rahoto tana nuna cewa kashe-kashen nan shiri ne na gwamnati, ba aikin 'yan iska ba ne kamar yadda a ke faɗa.

Duk da haka mafi munin ɓarna tana gaba. Daga 1981 zuwa 1983, musamman zamanin Janar Efraín Ríos Montt wanda ya yi mulki daga Maris 1982 zuwa Agusta 1983, aka ƙone ɗaruruwan ƙauyukan Maya. Masu sa ido sun yi nasu, sun faɗa. Waɗanda ke da ikon hanawa ne su ka toshe kunne. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jerin alamu 14 da a ke dubawa don gane ƙasar da ke dab da irin wannan masifa, a cikinsu akwai tarihin zaluncin da ba a hukunta ba, da raunin hukumomin ƙasa, da wariyar wata ƙabila. Amma jerin alamu ba ya kashe gobara. Rigakafi ya fi magani, in an sami mai yin rigakafin.

Masu Bin Ƙauyuka Da Rikoda

Da yaƙi ya doshi ƙarewa, Cocin Katolika na ƙasar ya ga cewa in ba a tattara shaidar mutane ba, za a sa hannu a takardar sulhu a binne gaskiya tare da matattu. A 1995 ofishin kare hakkin ɗan Adam na cocin, a ƙarƙashin Bishop Juan Gerardi, ya fara wani aiki da a ke kira REMHI, watau maido da abin da jama'a su ke tunawa na tarihinsu.

Ba a ɗauko masana daga birni don yin hira da mutane ba. An horad da ɗaruruwan 'yan sa kai daga cikin mutanen ƙauyukan, masu jin harsunansu, da yawansu ma su kansu an kashe musu dangi. Aka ba su rikoda da 'yan tambayoyi kaɗan waɗanda kowa zai bi: me ya faru, yaushe kuma a ina, su wa su ka aikata, me abin ya jawo maka, yaya ka jure, me ka ke gani ya kawo shi, me kuma za a yi don kada ya sake faruwa. Amfanin tambayoyi iri ɗaya shi ne a iya gwada maganar wani da ta wani. In mutum 5 daga ƙauyuka dabam-dabam, waɗanda ba su san juna ba, su ka ambaci rana ɗaya da bariki ɗaya, to, magana ta tashi daga jita-jita ta zama hujja.

An tattara shaida fiye da 5,000, wadda ta shafi mutane fiye da 50,000. An kuma kiyaye sunayen masu ba da shaida, domin waɗanda su ka yi kisan suna nan a ƙauyuka guda da su, suna cin kasuwa ɗaya. Wannan babbar ƙa'ida ce ta aikin: haɗarin mai ba da shaida yana gaba da ƙawar rahoto. Mai tambaya zai koma gida, amma mai amsa nan zai kwana.

Ran 24 ga Afrilu 1998 Bishop Gerardi ya gabatar da rahoton, littafi 4, a babban cocin birnin. Rahoton ya ɗora mafi yawan laifin a kan soja da 'yan sintirin da soja su ka kafa. Bayan kwana 2, ran 26 ga wata da dare, aka farfasa masa kai da guntun kankare a garejin gidansa. Yana da shekara 75.

An yi ta ƙoƙarin karkatar da binciken. Alƙali da mai gabatar da ƙara sun gudu daga ƙasar saboda barazana, an kuma jefa gurneti a gidan wata alƙaliya, Yassmín Barrios, ana gobe za a fara shari'a. Ba ta janye ba. A watan Yuni 2001 kotu ta ɗaure sojoji 3, kanar da kyaftin da saje, tare da wani fada da aka samu da hannu. Sun kashe mai rahoto, amma rahoton ya riga ya fita, kwafinsa kuwa ya bazu inda hannunsu ba ya kai.

A watan Fabrairu 1999 hukumar binciken gaskiya da aka kafa a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata sakamakon. Ta ƙiyasta cewa mutum kamar 200,000 aka kashe ko aka ɓatar. Daga cikin laifofin da ta bincika, kashi 93 cikin 100 na jami'an gwamnati ne da 'yan korensu, kashi 3 na 'yan tawaye, kuma kashi 83 na waɗanda aka gane asalinsu 'yan Maya ne. A lura, ba a ɓoye kason 'yan tawaye ba. Mai sa ido da ya rubuta laifin ɓangare ɗaya ya rufe na ɗayan, ya sauka daga kujerar shaida ya zama ɗan jam'iyya.

Gani Da Ji

Akwai wani darasi a kan daidaita magana. Rigoberta Menchú, 'yar Maya wadda mahaifinta ya mutu a gobarar ofishin jakadancin Sifen, ta ba da labarin rayuwarta a wani littafi da ya fito a 1983, ta kuma sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1992. Bayan kamar shekara 15 da fitowar littafin wani mai bincike Ba'amurke ya nuna cewa waɗansu abubuwan da ta bayar kamar a gabanta aka yi, ba ta wurin. Ba wanda ya musa cewa an kashe mata uba da uwa da ɗan'uwa, amma masu son wanke soja su ka kama wannan su ka yi ta kururuwa cewa duk labarin ƙarya ne. Saboda haka a ke horon ɗan sa kai ya raba abin da mai shaida ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, ya rubuta kowanne da sunansa. Kuskure ɗaya ya isa a jefar da gaskiya ɗari.

Rajistar Azzalumi

Ƙarshen labarin ya shafi akawuna kai tsaye. Shekara da shekaru hukuma tana cewa 'yan sanda ba su da wata takarda a kan waɗanda su ka ɓace. A watan Yuli 2005 ma'aikatan ofishin kare hakkin jama'a su ka je duba wani tsohon ginin 'yan sanda saboda ƙorafin an ajiye nakiya a wurin. Sai su ka tarar da ɗakuna cike da takardu har rufi, cikin kashin jemagu da ɓeraye da fumfuna. An ƙiyasta shafi miliyan 80 ne, tun daga 1882. Aka shafe shekaru ana kakkaɓewa, ana jerawa, ana ɗaukar hotonsu a kwamfuta.

A cikinsu aka sami takardun kamun Edgar Fernando García, har da wadda a ke neman a ba 'yan sandan da su ka yi kamun lambar yabo. A watan Oktoba 2010 kotu ta ɗaure 2 daga cikinsu shekara 40 kowanne, a 2013 kuma aka ɗaure tsohon shugaban 'yan sandan. 'Yar da García ya bari tana goye ta girma ta zama lauya, tana cikin waɗanda su ka tsaya a shari'ar. Abin da akawun 'yan sanda ya rubuta a fayil yana cikin hujjojin da su ka ɗaure masu laifi bayan shekara 26.

Ba kullum a ke cin nasara ba. Ran 10 ga Mayu 2013 kotu ta sami Janar Ríos Montt da laifin kisan ƙare dangi, ta yanke masa shekara 80, amma bayan kwana 10 kotun tsarin mulki ta soke hukuncin, ya kuwa mutu a 2018 ba a kammala sabuwar shari'ar ba. Har yau akwai dubban iyalai da ba su san inda aka binne nasu ba.

Abin Da Za Mu Riƙe

Wannan aiki bai tsaya a Gwatamala ba. A nan Afirka ta Yamma ma, ƙungiyar WANEP da aka kafa a 1998, mai hedkwata a Akara, tana da masu sa ido a cikin garuruwa waɗanda su ke aika rahoton alamun rikici, tana kuma aiki tare da sashen gargaɗin gaggawa na ƙungiyar ECOWAS. Duk wanda ya yi niyyar shiga irinsa, muna ba shi shawara ya riƙe abu 4. Ya rubuta a ranar da abu ya faru, da wuri da lokaci. Ya raba gani da ji. Kada ya fitar da sunan mai shaida sai da yardarsa, bayan an auna abin da zai biyo baya. Kada kuma ya yi aiki shi kaɗai, ko ya ajiye takardunsa wuri ɗaya.

Mu malamai da akawuna mu kan ɗauki cika rajista aiki ne na gajiya wanda ba mai dubawa. Labarin nan ya nuna cewa layi ɗaya da aka rubuta daidai yana iya kwana shekara 26 a cikin ƙura, sa'an nan ya tashi ya ba da shaida a gaban alƙali. Ya kamata mu koya wa almajiranmu wannan tun suna aji, su saba da rubuta gaskiya da kwanan watanta. Allah ya kiyashe mu da ganin irin abin da mutanen Gwatamala su ka gani, amin.